Ranar Karɓar Riga

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ɗinki, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake. Wankin asibiti ne dai, tsayuwa daga safe har yamma, amma jiki ya saba.

Kin tuna littafin awonki da ruwa ya jiƙe bara? Abokiyar aikina ta nuna mini wata manhaja da aka yi don teloli. Ba sai mutum ya karanci kwamfuta ba, ki ja gurbi ki ajiye, kamar jera ƙyalle a tebur. Da ita na haɗa miki shafi: sunan mai kaya, awo, irin ɗinki, ranar karɓa. Na turo miki adireshin ta waya.

In kin buɗe za ki tarar da mutum ɗaya a ciki. Ni ce, don gwaji na sa kaina, ɗinkin riga ɗaya. Kada ki yi faɗa in kin ga ƙugun ya ragu da inci uku, tef ɗin garin nan ne ba shi da gaskiya. Kuma kada Inna ta ji.

Ranar karɓa ce ta gagare ni, don ban san yaushe zan zo gida ba. Shafin ba ya yarda a bar gurbin haka, sai in sa rana, in ta matso in ɗaga. Sau huɗu ke nan.

Ki ɗinka rigar dai, Yaya. Ki rataye mini ita a ƙusar bayan ƙofa, inda mayafina yake zama.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙanwarki