Takardar da Kuka Ba Ɗiyata Ta Cike

Zuwa ga Shugaban shirin da ya kawo takardun auna ciwon damuwa a lakol-lakol da gidajen likita na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Isuhu, manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Gangara. Na yi shekaru ina koya wa manya karatu da rubutu da Hausa, don haka da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, ba wanda ya shifta mini. Sau uku ina hawa kabu-kabu zuwa buronku, sau uku ana ce mini ka fita. Tun da ƙofa ta ƙi buɗuwa, zan yi maganata a bainar jama'a.

Ɗiyata Balkisa shekararta goma sha shida, tana kwalej. Uwarta ta rasu a daminar bara. Bayan girbi ma'aikatanku biyu suka shiga ajinsu da takarda mai tambayoyi: ko tana samun barci, ko abinci na yi mata daɗi, ko tana jin ba ta da amfani, ko ta taɓa jin mutuwa ta fi mata. Suka ce kowa ya rubuta sunansa a sama ya faɗi gaskiya, ba mai gani sai likita. Balkisa ba ta iya ƙarya ba. Ta faɗi gaskiya.

Kukana uku ne. Na ɗaya, maganar sirri. Ma'aikatanku sun bar takardun kwana biyu a kan tebur a buron lakol, sunan kowa a fili, mai shiga ya karanta, mai fita ya karanta. Kafin mako ya zagayo 'yan ajinsu na kiranta mai taɓin hankali. A bakin rijiya wata tsohuwa ta tare ƙanwata Hajara, ta ce a nema wa yarinyar magani tun ba ta fara jifa ba. Balkisa ta rataye jakarta a ƙusa, wata biyu ba ta taka lakol ba. Yarinyar da malamai ke misali da ita.

Na biyu, kun ce takarda ce da mutum zai amsa da kansa. Da Faransanci kuka rubuta ta. A ajin su Balkisa wasu duba na kusa da su suka yi ta yi suna kwafa, kamar jarrabawa. Na manya kuwa ya fi muni. Ranar awon jarirai a gidan likita aka tambayi Hajara a cikin layi, surukarta na tsaye a bayanta, da murya sama: kina jin baƙin ciki? Ta ce alhamdulillahi. Me kuke so ta ce? Mutumin ƙasarmu ko a kan gadon ajali yake, ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce maka. Ma'aikacin ya rubuta lafiyarta ƙalau, alhali ni na san abin da take ciki tun da ta yi ɓari. Idan irin waɗannan amsoshi ne kuke tarawa, ranka ya daɗe, iska kuke ɗaurewa a buhu.

Na uku shi ne wanda ba zan yafe ba sai kun gyara. Ɗiyata ta amsa cewa e, takan ji mutuwa ta fi mata. Ta rubuta da hannunta, ta miƙa wa manya. Ba wanda ya zo. Ba wanda ya aiko a kira ni. A zuwana na biyu ma'aikacin da na tarar ya ce mini, “Baba, takardar ba magani ba ce, awo ne kawai, an tura sakamakon sama.” Ko mai duba dabbobi in ya ga akuya da ciwo ba ya rubutawa ya wuce, sai ya nemi mai ita. Da wani abu ya sami yarinyar nan a cikin watannin, wa zai amsa a gaban Allah, ni ko ku?

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ina gida ɗaya da ita, ina ganin ta yi shiru ta rame, ina ce wa mutane Balkisa akwai haƙuri. Ban taɓa tambayarta ba. Takardarku ce ta fara tambaya, kuma wannan ya sa ban ce a ƙone ta ba. A zuwana na uku na roƙi guda wadda ba a cike ba, wani mushe, wato malamin lakol, ya taimaka mini muka mai da ita Hausa. Ranar wata Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa tabarma na kira Balkisa, na ce ita za ta yi tambaya, ni zan amsa. Ta karanta, ina amsawa. Barci, babu. Abinci, turawa nake. Gona, don dole nake zuwa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Baba, ashe har da kai.” Ranar muka fara ambaton sunan uwarta a gidan tun bayan sadakar arba'in.

Daga nan muka nemi taimako. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitarmu, wanda ba ma'aikacinku ba ne, shi ya karɓe mu a ɗaki ya rufe ƙofa ya saurare mu. Yanzu duk mako biyu muna zuwa wurinsa tare. Da Balkisa ta yarda za ta koma lakol, ni na raka ta har cikin aji. Na nemi izinin darakta, na gaya wa yaran ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, ni ma ina fama da shi, mai son dariya ya fara da ni. Ba wanda ya yi.

Yanzu mun ji za ku dawo da zagaye na biyu. Mu iyayen yara mun zauna mun yanke shawara: ba ɗan da zai cike takarda sai an cika mana waɗannan. Ku mai da ita Hausa, ku gwada ta da mutanenmu tukuna. Ku cire suna daga samanta, ku sa lamba, a rufe ta a ambulan nan take. Wanda bai iya karatu ba a tambaye shi a keɓe, mace kuma mace ta tambaye ta. Duk wanda ya amsa tambayar mutuwa da e, kada rana ta faɗi ba a sada shi da majo ba. Sannan ku zo ku ba Balkisa haƙuri a gaban ajin da aka tozarta ta.

Ma'aikacinku ya aiko cewa ƙauyen da ya ƙi ana iya cire shi daga shirin. Ku cire mu. Ba taimako muke gudu ba, muna nemansa ido rufe, amma ba za mu sake miƙa sirrin 'ya'yanmu ga wanda zai bar shi a kan tebur ba.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya tsare maka zuri'a, ya sa ka gama lafiya. Gidana ba ya da wuyar nema, kowa ka tambaya zai nuna maka.

Wassalam.

Isuhu, mahaifin Balkisa