Wake Bai Bushe Ba, Manhajarku Ta Ƙi Buɗewa

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ke da manhajar aika saƙon da ke cikin wayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, kuma ɗan gidan makiyaya. Ban sani ba ko a cikinku akwai mai jin Hausa. In babu, ku nemi tafinta, kamar yadda nake neman mai fassara mini Turancinku.

Duk shekara da damina ta sauka, yayana Buba kan kora shanunmu zuwa Nijar don a ba shuka wuri. Ba a shigo da dabbobi sai dagaci ya yi shelar an saki gonaki, wato kowa ya kwashe amfaninsa. Tsarinmu da Yaya mai sauƙi ne: in ya ji ni shiru, ya taso lokacin da ya saba. In akwai jinkiri, in tura masa saƙon murya ta manhajarku, ya saurara duk sanda ya hau tudu ya samu sabis.

Bana wake ya makara. Dagaci ya ce a ƙara riƙe dabbobi. Abin da zan gaya wa Yaya bai wuce kalma ɗaya ba: dakata.

Na farko. A ranar ce manhajarku ta tare ni da sanarwa cewa sai na sabunta ta kafin in shiga. Ba ku ba ni zaɓi ba. Na sabunta. Tun daga nan, in na taɓa ta sai tambarinku ya leƙo, fuskar wayar ta yi fari, ta maido ni waje kamar baƙon da ya zo ba sallama.

Na biyu. Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na kashe wayar na kunna. Na cire batir na mayar. Aka ce wuri ne ya cika, na goge hotunan sunan ɗiyata da hannuna. Na hau acaɓa zuwa Roni, aka share tarkacen manhajar, aka gyara kwanan wata, shiru. A Kazaure mai gyara ya faɗa mini gaskiya: sabuwar ta fi ƙarfin wayata, tsohuwar kuma kun rufe ta. Ya ce dabara ɗaya ta rage, a goge ta gaba ɗaya a sa wata mara nauyi. To amma wayar ta Yaya ce ya bar mini, da layinsa aka yi rajista, layin kuwa yana aljihunsa a can dajin. In an goge, shi za ku aika wa lambar shiga, a layin da ba ya aiki a Nijar.

Na uku. Za ku ce me ya hana in ari wayar wani. Na ara. Sai dai duk shekara Yaya sabon layin Nijar yake saya, ya turo mini murya da shi, ni kuma in gane shi da hoton bijiminmu da yake sawa a manhajar. Lambarsa ta bana tana cikin manhajarku. Kun rufe ƙofa da ita a ciki.

Na bi ta Babura na ba fatake sallahu, ko Allah zai sa su haɗu da shi. Suka saɓa hanya. Yaya ya ji ni shiru, ya taso kamar yadda muka yi alkawari. Shanu suka biyo burtali a yunwace, suka faɗa gonar waken maƙwabcinmu Malam Idi. Kafin a kore su sun gama da gefe guda.

Malam Idi bai kai mu ƙara ba. Da muka je ban haƙuri ni da Yaya, cewa ya yi da ni, “Allah ya kiyaye gaba, Malam Usman.” Amma tun zamanin mahaifinmu shanunmu ne ke kwana a gonarsa bayan girbi, su ci kara su bar masa taki. Bana wasu ya kira. Kullum ina wucewa ina ganin garken baƙi a wurin, kuma wallahi abin yana ci mini rai fiye da a ce tara aka ci mu.

Don haka ina roƙonku. In za ku rufe tsohuwar manhaja, ku fara duba ko wayar mutum za ta ɗauki sabuwar, in ba za ta ɗauka ba ku bar shi da tsohuwarsa. Ku yi sanarwa da wuri, da Hausa, kuma da murya. In manhajar ta ƙi buɗewa, ku bar wata kafa da mutum zai ga lambobin mutanensa. Waken ba ku za ku biya ba, mun riga mun sasanta wannan da Malam Idi cikin lumana, dagaci ya shaida.

Allah ya ƙara muku basira, ya albarkaci sana'arku. Ranar da kuke da kalma ɗaya ta gaggawa zuwa ga ɗan'uwanku, Allah ya sa ta isa kafin ya taso.

Wassalam.

Usman, ƙanin Buba,
daga ƙasar Gwiwa.