Tagar Madafar Inna

Yaya Hanatu,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Kwatarkwashi, ya tarin Inna? Ni lafiya lau a Kaduna, Goggo Rakiya tana riƙe ni da kyau.

Jiya ƙawata ta ari littafina na soyayya, ta ga hoton Inna a ciki, ta ce, "Kakarki ce?" Na ce mata mahaifiyata ce. Yaya, Goggo fa ta girmi Inna! Amma ita da risho take girki, fuskarta sumul. Inna kuwa kullum sai ta rufe ƙofar madafa, wai kada iska ta cinye itace. Hayaƙin nan ne yake tsufar da ita.

Kananzir ya yi wuya, yanzu ni ma itace nake hurawa. Ba komai, sai dai na daina duba madubi.

Don Allah ki roƙi Baba ya fasa mata taga kafin damina. Ni kunya nake ji.

Ƙanwarki,
Sadiya