Lambar Kawu Hambali

Yamai, Talata 14 ga Mayu 1974, ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a buron takardun asibiti.

Inna,

Ina gaishe ku, da Asama'u da yara. Yaya garinmu Cadakori da wannan fari? Allah ya kawo ruwa. Ni lafiya lau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Aikina shi ne sa wa kowace cuta lambarta. Jiya takardar yayanku Kawu Hambali, da ke kwance a nan, ta zo hannuna. Lokotoro, wato likitanmu, ya ce in sa lambar yunwa, wai bana kowa a rame yake. Inna, raina ya ɓaci. Shekara goma sha biyu Kawu yana ciwon nan, tun yana soja a hamada, ranar da shugabanninsu suka gwada bam ɗin nukiliya iska ta juyo da ƙurar zuwa kansu. Wannan ciwon ma yana da lambarsa a littafi, na nuna wa Lokotoro da yatsa. Ya ce, “Ina shaida, yaro?” In na rubuta yunwa, dawa za su ba shi su sallame shi babu magani. Ban rubuta komai ba.

Shaidar tana ɗakinku: ɗan bajin da aka rataya musu ranar don auna gubar, wanda kuka ɗinke cikin fata kamar laya. Ku aiko da shi a motar farko.

Ga abin da ban sani ba: ko bajin yana nan, ko zai karantu, ko za su bar ni a aiki, da kwana nawa Kawu zai iya jira.

Ɗanku mai neman albarka,
Jibrilla