Bandar da Na Kasa Ci

Kaduna, 20 ga Afrilu, 1969

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki? Yaya Hansatu, da zaman sabon gidan da gwamnati ta ba ku? Ni lafiya lau, aikin masaƙa yana tafiya.

Bandar kifin da kika aiko Wakili da ita ta iso, Allah shi saka da alheri. Na san zai ce miki na rame. Kada ki damu, ba ciwo ba ne. Ina cin tuwo, sai dai in na ji ƙarnin kifi a miya nakan tsame hannu. Abokan ɗakina suna ta dariya, wai ɗan Sarkawa masunta da tsirfa, birni ya ɓata ni.

Inna, ke kaɗai zan gaya wa. Da na zo Sallah, Yaya Dogo ya ɗauke ni a jirgi, muka bi ta saman gungunmu, tsibirin nan da ruwan madatsar Kainji ya cinye. Kan tsamiyar maƙabarta kawai ake gani. Nan ya saka raga, ya ce babu inda kifi ke ƙiba kamar wurin. Tun ranar kifi ya ƙi wuce mini wuya.

Bandar na ba maƙwabta, ki yafe mini. In za ki sake aike, albasa ta isa. Ban hana Yaya sana'arsa ba, da ita kuke ci. Ki dai roƙe shi ya matsa gaba kaɗan daga tsamiyar. Baba yana ƙarƙashinta.

Ɗanki,
Mamuda