Kwana Goma Sha Tara a Isa

Sabon Birni,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata, Saude,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da dukan 'yan'uwa masu bi na Maradi. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan sai godiya. Tun da anka yanke sabis a ƙasarmu waya ta koma rediyo, shi ya sa na ɗauki alƙalami, za ni ba direban da ke zuwa wajenku.

Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Maigidana Bawa, Baban Luba, yau kwananshi shida a tsare a Isa. Kin san rumfarshi ta gyaran waya da ke kusa da tasha can. Akwai wani ɗan kabu-kabu, Usmanu, da ya saba kawo mishi caji suna hira. Ran nan ya tarar da shi shina sauraren Linjila da Hausa, ya tsaya shina ji har fasinja biyu sunka wuce shi, sannan ya ce a tura mishi a memori. Baban Luba ya tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata, ya ce ai kunnenshi nashi ne. To, sai yayan Usmanu ya ji abin a wayar. Kafin azahar mutane sun taru, sun rushe rumfar, sun fasa mishi leɓe. Hukuma ta ƙwace shi daga hannunsu, amma ba ta sake shi ba, don an kai ƙara wai shina yaudarar matasa.

Ba za ni ɓoye miki ba, ranar na yi kuka har muryata ta dushe. Na tuna shekara biyu da sunka wuce, da anka ƙona mana ɗakin sujada kunka tattara kunka tafi, na ce a raina ashe ku kunka yi dabara.

Amma da na kai mishi abinci, me za ni gani? Mutumin nan da kumburarren leɓe shina dariya! Ya ce su tara ne a ɗakin, huɗu ba mai zuwa dubansu. Tuwon da na tuƙa don shi kaɗai ya raba shi biyar a gabana. Na ji haushi, na ce ko ba ya ganin yadda ya rame? Ya ce, "Uwar Luba, maganin wannan ai babbar tukunya ce." Jiya da babbar na tafi, ɗaure cikin zane, ina riƙe da ita a cinya har Isa. Mutanen ɗakin har sun fara kirana Uwar Ɗaki.

Ku sa mu a addu'a. Luba tana gaishe ki, ta ce kar ki manta da kadonta, wato tsarabarta.

Taki ƙanwa,
Murja.


Sabon Birni,
24 ga Oktoba.

Yaya Saude,

Salama da alheri su tabbata a gare ki. Ina fatan wagga takarda ta same ku lafiya kamar yadda ta baro mu. Taki ta iso. Na karanta wa 'yan'uwa inda kinka ce a ikkilisiyarku an kira sunan Baban Luba tare da na masu shan tsanani a Sudan da Pakistan. Mu bakwai da ke taruwa a tsakar gidanmu sai munka ji ashe muna da dangi har inda ba mu taɓa takawa ba. Yanzu mu ma kowace Lahadi muna kiran ƙasashen nan.

Ga albishir, ki tanadi goro: an sake shi! Shekaranjiya, kwana goma sha tara cif.

Ranar da anka zauna kan maganar, Usmanu anka fara kira. Gidansu sun matsa mishi ya ce dole anka yi mishi. Ya tashi, ya dubi ƙasa, ya ce shi ya roƙa da bakinshi, ba wanda ya tilasta shi. Yayanshi ya fice a fusace.

Sai ga wanda ban taɓa zato ba, Malam Hafizullahi na Unguwar Lalle, wanda Baban Luba ya yi karatun allo a gabanshi tun shina yaro. Tsohon nan ya shigo da sandarshi, ya ce, "Ni ban yarda da hanyar da Bawa ya bi ba, kuma har gobe ina roƙon Allah Ya dawo da shi. Amma a hannuna ya tashi, ban san shi da ƙarya ba. Wanda ya roƙa anka ba shi, ba a ce an yaudare shi ba." Ba a jima ba anka ce ya tafi gida.

Ki ji halin surukinki. An buɗe mishi ƙofa, maimakon ya fito, sai ya koma shina sallama da mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye cikin rana. Ashe kullum da safe sukan ce ya ba su labari, ya ba su na ɗan da ya ɓace ya dawo ubanshi ya rungume shi, da na makiyayin da ya bar tumaki casa'in da tara ya bi guda. Wani Bafulatani a cikinsu ya ce shi wanga makiyayi ya san aikinshi. Hatta masu gadi sun yi kewarshi, don ya gyara musu wayoyi uku da tsinken ashana da farce.

Da munka iso gida 'yan'uwa na jira. Ba mu da ganga, sai munka kifa ƙwarya cikin ruwa. Na yi rawa, Yaya, ni da kike cewa ƙafata ta itace ce.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Murja.


Sabon Birni,
27 ga Disamba.

Yayata ta kaina,

Barka da Kirsimeti, barka da ganin ƙarshen shekara. Ya yara, ya sanyi? Muna lafiya, gero ya shiga rumbu, mun gode Ubangiji.

Kin ce mu taso mu dawo kusa da ku, har kin samo mana ɗaki. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Mun yi addu'a a kai, kuma muna nan. Ba wai komi ya gyaru ba. Har yanzu akwai masu tofar da yawu in mun wuce, rabin masu kawo gyara sun ɗauke ƙafa. Amma rumfa ta tashi, wani kafinta da sunka zauna ɗaki ɗaya shi ya kafa ta da ya fito. Kowace Laraba muna kai tuwo ga waɗanda sunka rage a tsare. Usmanu an karɓe wayarshi a gida, don haka yakan tsaya bakin rumfa kamar mai jiran fasinja, ya saurara. Bai ce komi ba tukuna, mu ma ba mu matsa mishi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto. Kin san Inna, mahaifiyar Baban Luba, tun da munka karɓi bangaskiya shekara biyar ke nan ba ta taka gidanmu ba, ko ruwan randata ba ta sha. Ashe ita ta je ta durƙusa gaban Malam Hafizullahi ta roƙe shi ya je Isa. Matar Malam ta faɗa mini a wurin niƙa.

Shekaranjiya muna cikin waƙar haihuwar Almasihu sai munka ji sallama. Inna ce, da ƙullin daddawa a hannu. Ba ta shigo cikinmu ba, ta shimfiɗa tabarmarta a zaure, ta ce ita jikarta ta zo gani, mu ci gaba da abinmu. Baban Luba ya buɗe baki zai ja waƙa, sai hawaye kawai. Da azahar ta nemi buta, na kai mata, ta yi sallarta.

Da anka sauke abinci na tsaya ina shawara da zuciyata, sannan na zuba shinkafa da miyar zabo na kai mata. Ta daɗe tana kallon kwanon. Sai ta yi bisimilla ta sa hannu. Yaya, ta cinye tas! Ta side yatsu, ta dube ni ta ce, "Murja, har yanzu ba ki iya sa gishiri ba. Ranar Juma'a za ni dawo in nuna miki."

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Ki taya ni addu'a kar in kuskura in iya da wuri.

Ki gaida maigida da yara da dukan ikkilisiya. Ubangiji Ya sada fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai ƙaunarki,
Murja Bawa.