Shafuka Ukun da Na Tsallake

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena, Autanmu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya raya muku yaran, ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan sai godiya. Mama tana fama da gwiwarta, likita ya hana ta hawa bene, amma ta ce bai hana ta magana ba, kuma kowa a gidan shaida ne. 'Yata ta fara koyon ɗinki, ta riga ta kashe min zannuwa biyu. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. In na kira ka da wannan magana katse ni za ka yi, ni kuma in hau faɗa, mu rabu ba a faɗi komai ba.

Littafinka ya iso, tare da 'yar takardar da ka saƙala a ciki cewa kada in bari Baba ya sani. Haba Auta, a gidan nan? Kafin in gama yage ambulan Mama ta sanar da maƙwabta uku cewa ɗanta ya buga littafi. Baba yana kujerarsa ta bakin taga ya ce a miƙo masa. Ka san yanzu idonsa haske da duhu kawai yake bambantawa. Ya shafa bangon, ya sansana takardar, ya ɗan ja gindin ɗinkin, ya ce wanda ya haɗa littafin ya san aikinsa, sai dai takardar ta yi sirara. Mutumin da ya yi shekara arba'in a maɗaba'a yana gyaran rubutun mutane, ai ba za a hana shi ba. Sannan ya sa in karanta masa sunan da ke bangon har sau biyu, ya ce kullum in na taso daga kantin magani in riƙa karanta masa babi ɗaya.

Haka muka yi ta yi. Ba ƙaramin aiki ba ne karanta wa Baba littafi. Sai ya ɗaga yatsa ya tambaya ko akwai waƙafi a wurin da na ja numfashi, in na ce babu, ya ce to numfashina ne ya yi kuskure. Da muka zo kan babur ɗin Kawu da ba ya tashi sai an tura, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wata rana na tsokane shi, na ce ai ni ma marubuciya ce, tunda kullum ina rubuta "ɗaya da safe, ɗaya da yamma" a jikin kwalin magani, kuma an fi bin rubutuna a kan naka. Na ɗauka zai yi dariya, sai ya ce gaskiyata. Ya ce rubutu iri-iri ne, kuma duk sun bi ta hannunsa: kalanda, littafin makaranta, fom na ofis, waƙa, sanarwar rasuwa. Irin nawa na kwalin magani, in ji shi, ba a yarda ya ɗauki ma'ana biyu ba, don rai ne a ciki. Sanarwar rasuwa ba a kuskure suna. Mai waƙa kuwa ko harafi ka taɓa masa sai ya zo har ofis da rigima. Amma mai labari shi ya fi kowa kasada, domin abin da ya fi yi masa ciwo yake ɗauka ya baje a kasuwa, ya sa sunansa a kai. Na tambaye shi shi fa, sai ya ce shi mai shara ne kawai, yana bin bayan marubuta yana kwashe abin da suka zubar.

To, ga inda na yi laifi. Ina riga shi karantawa a kanti in babu ciniki, don haka na san abin da ke babi na tara. Ka canza sunaye, amma wa za ka ɓoye wa? Ranar nan ce da sakamakon jarrabawarka ya fito, Baba ya sami littafin labaranka a ƙarƙashin katifa, ya yayyage shi a gabanmu, ya ce ya ga ƙarshen marubuta, ba zai haifi mayunwaci ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ranar, ban ce uffan ba, kuma har yau abin yana damuna. Da muka iso wurin sai tsoro ya kama ni. Na haɗa shafuka uku na juya lokaci ɗaya, na ƙirƙiro jimla biyu daga kaina na haɗe labarin, na ci gaba kamar ba komai.

Ya bar ni har na kai aya. Sannan ya ce, a hankali, ya ji takarda uku sun wuce, kuma jimlolin nan biyu ba hannunka ba ne, ɗinkin ya fito fili. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kunya kamar in nutse. Bai yi faɗa ba. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa cire kalmar marubuci ba tare da izininsa ba. In abu ya dame shi, alamar tambaya yake sawa a gefen shafi, mai rubutu ya yanke hukunci. Ya ce in koma baya. Na koma na karanta masa su. Mama ta tashi ta shige kicin, ta yi ta motsa tukwanen da ba abin da ke cikinsu.

Da na gama sai ya ce duk gaskiya ne, har kalar rigar da ya sa ranar ba ka kuskure ba, kuma ka ma rage masa, don abin da ya faɗa ya fi haka muni. Kuskure ɗaya kawai ya gani, a layin ƙarshe. Ka rubuta cewa yaron ya shiga banɗaki ya buɗe famfo don kada a ji kukansa, uban kuma ya sa takalmi ya koma aiki ko waiwaye bai yi ba. Baba ya ce bai koma aiki ba. Ya ce yana tsaye a bayan ƙofar banɗakin, takalminsa a hannu, har ka kashe famfon. Sau uku ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, girman kai ya hana shi. Auta, ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ran nan. Ya sa na ɗauko jan biro, na kama hannunsa na kai gefen layin, ya zana alamar tambaya, karkatacciya. Ya ce ba ya neman ka wanke shi. Littafinka ne, in ka ga dama ka gyara a bugu na biyu, in ka ga dama ka bar shi.

Yanzu ka saurare ni da kyau, ni yayarka ce, na goya ka. Shekara bakwai ba ka taka gidan nan ba, kullum aiki, kullum hanya ta yi nisa, mun san dalili mun yi shiru. Makon jiya na kai Baba asibiti. Likitan ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, duk wanda yake son ganinsa kada ya jira baɗi. Rai a hannun Allah yake, amma ban rubuto don in lallashe ka da ƙarya ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Babi huɗu suka rage. Tun ranar Baba ya ƙi in ci gaba. Ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya yi min albarka, amma sauran daga bakin mai littafin yake so ya ji. Kullum in na shigo da yamma sai ya tambaya ko an ji daga gare ka, ni kuma amsoshina sun ƙare.

Mama tana gaishe ka, da Kawu, da Gwaggo, da maigidana da yaran duka. Ka gaishe min da matarka, ka shafa min kan 'yan biyu, ka ce musu kakansu yana so ya ji nauyinsu a cinyarsa. Kada ka tsaya rubuta amsa mai kyau, na san ka iya. Ranar da za ka iso kawai za ka faɗa min.

Wassalam,
Yayarka mai ƙaunarka.